Rami na Huɗu

Ranar Litinin ce. Ruwan da aka yi kwana biyu ana zubawa ya ɗauke tun safiyar Lahadi, amma rana ta ƙi fitowa. Layinmu na kanikawa duk caɓi, tsofaffin tayoyi cike da ruwa. Ƙarfe bakwai da rabi na buɗe gareji da mabuɗina, na wuce teburina, na ɗaga buhun da nake rufe aikina da shi. Katako kawai na gani.

Kan injin ya tafi.

Ga wanda bai san shi ba, kan inji shi ne murfin alminiyam ɗin nan mai nauyi da ke zaune a saman inji. Ramuka huɗu gare shi a gefe guda inda iska da fetur ke shiga, huɗu a ɗaya gefen inda hayaƙi ke fita. Daga kamfani a matse suke zuwa, da ƙuraje-ƙuraje a ciki. Idan kana son mota ta yi gudun tsere, sai ka zauna da ƙaramar giranda ka faɗaɗa su, ka gyara musu hanya, inji ya sami numfashi. Kwana goma sha tara na yi a kan wannan, har yatsuna suka daina jin komai.

Motar ta Likita ce, wata likitar haƙori da ke shiga tseren motoci a tsohon filin jirgi. Kai biyu aka shirya mata. Ɗaya Maigida, mai garejin, ya yi da hannunsa, ramukansa takwas suna ƙyalli kamar madubi. Ɗaya nawa. Ramukan hayaƙi na goge su har kana ganin fuskarka, don kada baƙi ya kama. Ramukan shiga kuwa na bar su da ɗan kaushi, kamar harshen kyanwa, kuma da gangan na bari. Fetur idan ya sami bango mai santsi taruwa yake yi ɗigo-ɗigo, kamar ruwa a gilashin mota, ba ya cin wuta da kyau. Kaushin nan ne ke farfasa shi ya gauraya da iska. Sau ɗari na faɗi haka, sau ɗari aka yi mini dariya. Likita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ce Litinin ƙarfe huɗu za ta zo ta zaɓi ɗaya, tsere kuma ranar Asabar.

*

Kafin takwas layi ya cika garejin. Mai walda, mai fenti, masu sayar da kayan gyara, har da waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Maigida ya duba kwaɗon gaba, ya duba na baya. Babu wanda aka fasa.

"Mabuɗi uku ne," in ji shi. "Nawa, na yayanka, da naka. Yayanka shekara goma sha ɗaya yana nan, ko noti bai taɓa ɓata a hannunsa ba."

"Ni kuma me ya ɓata a nawa?"

"Motar mutane ta taɓa ɓata awa uku," mai walda ya jefo daga baya. Aka kwashe da dariya.

Gaskiya ne. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na ɗauki motar wani na zaga gari da ita don in ji yadda take ja. Lafiya na dawo da ita, har na gano masa inda take shaƙewa. Shekara biyar ke nan, amma a layinmu magana ba ta tsufa. Tartsatsi suke kira na: wanda ya bar makaranta a aji uku, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya.

"Ya ga zai sha kunya gaban Likita ne," Maigida ya ce wa jama'a, ko kallona bai yi ba. "Aiki rabi, kamar an tauna an tofar. Sai ya gwammace ya sayar." Sannan ya juyo. "Zuwa ƙarfe huɗu. Ko kan inji a kan teburin nan, ko in kira 'yan sanda. Kuma daga nan har ƙarshen layi babu wanda zai ƙara miƙa maka sifana."

"Ka kira su yanzu mana," na ce. "Ka huta da jira."

Yaya ya ja hannuna zuwa bayan wata mota da ke kan jak. Shi ya kawo ni garejin bayan rasuwar mahaifinmu, shi ke ba da haƙuri duk lokacin da bakina ya jawo magana. Idanunsa jajur.

"Ka rage murya. Je ka durƙusa ka ce kuskure ne. Sauran ka bar mini, na san yadda zan yi da Maigida."

"Wane kuskure, Yaya?"

"Kowanne. Ka dai faɗa, maganar ta mutu a cikin gida."

"In ce na yi sata don magana ta mutu? Wallahi ko Inna ce ta ce in faɗa, ba zan faɗa ba."

Na fizge hannuna na fita.

*

A bakin layi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, Baba Mai Faci ke zama. Shekara talatin yana facin taya, yana kuma yi wa takalman kanikawa ƙasa da yankakkiyar roba. Kafin nan masu manyan motoci ne ke ɗaukar sa idan an sace musu tayoyi, ya bi sawu har inda aka ɓoye. Idan ana gaisawa ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo.

"Tartsatsi, da gudu ka zo, kuma ba ka karya ba."

"A ƙasa ka gani, Baba?"

"Na gudun a ƙasa. Ɗayan cikinka ne ke shela."

Na gaya masa abin da ya faru. Bai ɗago ba. Ya shafa gam, ya hura, ya manna faci, ya danne da guduma. Sai da ya gama tsaf sannan ya yi magana.

"Kai ka ɗauka?"

"A'a."

"Idan na bi, inda sawu ya tsaya nan zan tsaya. Ko ƙofar ɗakinka ce. Ka yarda?"

"Ko ƙarƙashin gadona ne."

Ya ɗauki wayar gargaren keke da yake nuna abu da ita, ya miƙe.

*

A ƙofar gaba ya tsaya ya dubi caɓin da mutane suka dama.

"Kun tattake kamar ana rabon kyauta," ya ce. Ya wuce ciki, ya tsuguna gaban teburina, ya ja yatsa a kan katako, ya duba yatsan.

"Wa ke share nan?"

Mai fenti ya fashe da dariya. "Tartsatsi da shara? Baba, wannan ko kansa ba ya tajewa."

Sai a lokacin na lura. Ranar Asabar na bar wurin da garin alminiyam ko'ina, kamar kullum. Yanzu fes. Girandata tana rataye a ƙusa, an naɗe wayarta zagaye-zagaye. Ni kuwa jefar da ita nake yi duk yadda ta faɗi.

"Baƙo mai tsafta," in ji Baba Mai Faci.

A bayan gareji sawu biyu ne a cikin laka. Ɗaya na takalmin ruwan da ke ajiye bakin ƙofa, wanda duk mai wankin inji ke sawa. Baba ya taɓa shi da wayarsa ya ce, "Takalmin kowa ne wannan, ni na yi masa faci. Ba zai gaya mana ƙafa ba." Ɗayan kuma na tayar baro ne. Shi jama'a suka gani, kuma baki ɗaya suka ce, "Mai Tukwane!"

Mai Tukwane yana can ƙarshen baya, yana narka tsohon alminiyam yana ƙera tukwane. Na riga kowa isa. Na tarar yana hura wuta, narkakken ƙarfe yana juyawa a kasko fari fat. Ban san lokacin da na cafki hannun rigarsa ba.

"Me ka narka?"

"Kai, ɗan nan, hauka kake? Fistin ne da tsohon lagireto! Sake ni kafin in zuba ka a ciki in yi murfi da kai."

Baba Mai Faci ya iso a hankali, jama'a na biye da shi.

"Sake shi. Baronsa ranar Asabar ya bi ta can, ana tsakar ruwa. Gefen sawun duk ya narke. Kuma fanko ya wuce, tayar ba ta nutse ba."

"To me ya sa ka bari muka zo?" in ji mai walda.

"Ba ku tambaye ni ba. Ni wani abu na zo nema." Ya dubi Mai Tukwane. "Kai kaɗai ke aiki ranar Lahadi a nan. Me ka ji jiya?"

"Giranda. Tun bayan azahar, kamar sauro a kunne. Wajen la'asar ta tsaya cak, irin tsayawar da ba ta gamawa ba. Na ce yaron nan ko Lahadi ba ya hutawa."

"Wane yaro?"

Ya nuna ni da ludayinsa. "Wa kuma ke da wannan kukan a layin nan?"

Duk ido ya dawo kaina. Mai walda ya naɗe hannu a ƙirji.

"Ina kake jiya, Tartsatsi?"

"Filin jirgi. Na taka hanyar tseren da ƙafa, in ga inda mota za ta nemi ƙarfi."

"Wa ya gan ka?"

"Tsuntsaye. Je ka tambaye su, ai kun fi kusa a surutu."

Ba wanda ya yi dariya. Na san na ƙara nutsewa, amma ban sunkuyar da kai ba.

*

A hanyar komawa na matsa kusa da Baba Mai Faci.

"Maigida ne," na ce ƙasa-ƙasa. "Ya san idan Likita ta zaɓi nawa, shekara talatin ɗinsa ta ƙyalli ta zube."

Baba ya ci gaba da tafiya. Da muka shiga gareji ya dafa gwiwa ya yi nishi.

"Maigida, ƙafa ta gaji. Miƙo mini batirin can in zauna a kai."

"Da wannan bayan nawa? Wata uku ko bokiti ba na ɗagawa, kowa ya sani." Ya ƙwala wa mai fenti kira ya kawo.

Baba ya zauna, ya dube ni sau ɗaya. Wanda ba ya ɗaga bokiti ba zai ɗauki kan inji ba. Na kawar da kai.

Da ya huta ya miƙe ya ce wa jama'a, "Zan fita ta baya da yaron nan. Duk wanda ya biyo ni, shi ne ɓarawon." Kowa ya tuna yana da aiki.

*

Bayan garejin fili ne da ake jibge matattun motoci, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Sawun takalmin ruwan ya ratsa tsakaninsu. Baba yana tafe yana nunawa da wayar keke, yana magana kamar da ƙasa yake yi.

"Tafiya ya nutse, dawowa bai nutse ba. Da kaya ya tafi, ya dawo ba kaya. Bai yi gudu ba. Ga nan ya sauke."

A cikin lakar akwai shatin wani abu mai kusurwa huɗu, lafiyayye.

"Kwali ne. Ya shimfiɗa kwali kafin ya ajiye. Ba ya son fuskar ƙarfen ta taɓa ƙasa." Ya matsa gaba kaɗan. "Dubi nan. Ƙafafun sun juya, sun fuskanci gareji. Ya daɗe a tsaye, har laka ta hau gefen takalmin. So ya yi ya koma. Sai ya fasa."

Sawun ya ƙare a ƙofar wata tsohuwar bas marar taya. A ƙarƙashin kujerar baya muka same shi, a naɗe cikin buhu, a kan kwali. Da na buɗe, ƙanshin sabon mai ya buge ni. An shafe shi da mai ko'ina don kada danshi ya taɓa shi. Kowane ramin shiga an toshe shi da ɗan tsumma.

Na zare na farko. Ramin yana ƙyalli kamar madubi. Na biyu ma haka. Duk kaushin da na bari an cinye shi.

Na zare na uku, sai na zauna a ƙasan bas ɗin.

A bayan bangon kowane rami akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji. Idan ka ci bangon ya wuce kima, ka huda, ruwa ya shiga inda fetur ke bi, kan injin ya mutu ke nan. A rami na uku na riga na kai bangon iyakar sirantarsa, ni kaɗai na san haka. Wanda ya zo gogewa bai sani ba. Ga huda nan a can ciki, a lanƙwasa, inda ko sandar walda ba ta kaiwa. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

Rami na huɗu ba a taɓa shi ba. Na sa yatsa na ji aikina.

"Kuka za ka yi, ko duba za ka yi?" in ji Baba. Ya baje tsumman nan huɗu a kan gwiwarsa. Yadi ɗaya ne, shuɗi mai ratsin fari. A jikin ɗaya akwai rabin tambari da zare ja. "Ka san yadin nan?"

Na sani. Rigar makarantata ce. Ranar da na daina zuwa na cire ta na jefa a kan igiyar shanya ta gidanmu, ban ƙara ganin ta ba. Shekara bakwai.

"Tawa ce," na ce. "Amma ba ni na yaga ta ba."

"Na gaya maka inda sawu ya tsaya nan zan tsaya."

"Bai tsaya a nan ba, Baba."

Ya kalle ni, a fuska wannan karon. Akwai wani tunani da ya taso mini tun da na ga tambarin, na danne shi da ƙafa biyu. Shi ma bai tono shi ba. Ya mai da tsumman cikin ramuka, ya ce, "Ɗauki. Ƙarfe huɗu ba ta jiran kowa."

*

Likita ta zo a kan lokaci, da farar rigarta ta aiki a kafaɗa. Ta tarar da gareji cike: Maigida, Yaya, mai walda, mai fenti, Mai Tukwane da ludayinsa, da sauran layi a bakin ƙofa. Na ɗora kan injin a teburina, gefen na Maigida. Baba Mai Faci ya zare tsumman ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ƙyallin, ya nuna hudar.

"To, ga shi nan!" in ji Maigida. "Ya ji tsoron dariya, ya zo Lahadi zai goge kamar yadda na koya masa, hannu ya zarce, ya ɓoye. Da ya faɗa tun safe ai da an wuce wurin."

Mai walda ya ɗauki tsumma mai tambari ya ɗaga sama. "Wannan ba makarantar da Tartsatsi ya gudu daga cikinta ba ce? Ashe ta yi rana!"

Hayaniya ta kaure. Yaya ya matso kusa da ni. "Ka ba da haƙuri yanzu. Ba sata ba ce, ɓarna ce kawai. Ka ce ka tuba."

"Ban yi ba."

"Don Allah."

"Ko za a ɗaure ni a bayan bas ɗin can, ban yi ba."

Baba Mai Faci ya buga wayarsa a kan tebur sau biyu.

"Kafin a yanke hukunci, ina da roƙo. Ni mai faci ne, ban san inji ba. Kwana goma sha tara ina jin ana gardama a kan wannan kaushin. Ga rami ɗaya ya rage. Kowa ya sa yatsa ya ji, ya gaya mini ko aiki ne ko lalaci."

Likita ce ta fara. Ta zura yatsa, ta juya a hankali, ta rufe ido. "Wannan ba bari aka yi ba," ta ce. "Ko'ina daidai yake, daga baki har ciki. Ni ma da giranda nake cin abinci, na san hannun da ya gaji da hannun da ya tsaya da gangan." Yatsanta ya fito da mai, ta goge da takarda daga jakarta.

Maigida ya sa, ya taɓe baki, ya goge a tawul ɗin wuyansa. Mai walda ya goge a hularsa. Mai Tukwane ya ce shi dai da a ba shi ya narka, ya goge a gefen tebur. Ni na goge a wandona, kamar yadda na saba.

"Saura kai," Baba ya ce wa Yaya.

Yaya ya sa yatsa ya cire da sauri, kamar ramin na da zafi. Hannunsa ya tafi aljihun baya da kansa, yadda yake tafiya sau hamsin a yini. Ya zaro tsumma, ya fara goge yatsan. Sai ya tsaya.

Shuɗi, mai ratsin fari.

Baba ya miƙa hannu ya karɓa ba tare da ya ja ba. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya kawo mai rabin tambarin ya haɗa bakinsu. Zaren ja ya haɗu da zaren ja. Tambarin ya cika.

"Na san mahaifinku," ya ce. "Idan ya gama da rami sai ya toshe shi da tsumma. Idan ya gama da giranda sai ya naɗe waya, ya share tebur. 'Ya'ya biyu ya koya wa. Ɗaya ne ya ɗauka."



*

"Dariya ake yi maka," in ji Yaya. Ƙasa yake kallo. "Kullum, a bayan idonka. Mai walda har kwaikwayon ka yake yi. Na ce Litinin za a yi ta a gaban Likita, a gaban kowa. Na ce in zo in ƙarasa maka, ka zo ka tarar yana ƙyalli, ka yi fushi na yini ɗaya ya wuce."

"Ka ƙarasa mini."

"Ban san bangon ya yi siriri haka ba. Da na ga hudar, kaina ya ɗauke. Na ce in ɓoye, in nemo wani kafin a farga."

"Ba hudar nake tambaya ba, Yaya. Ƙarfe ne, hannu na zarcewa. Tun safe ana kira na ɓarawo kana tsaye. Sau biyu ka ce in durƙusa."

"Kai an saba da naka!" Ya ɗago, hawaye a fuskarsa. "Kai idan ka yi, a ce Tartsatsi ne, gobe a manta. Ni idan na yi, shekara goma sha ɗaya ta tafi. Kuma komai rabi kake bari. Makaranta rabi. Rigar nan shekara shida na ajiye ta a akwati, a goge, ina cewa zai dawo ya nema. Bara na haƙura na yaga ta."

Wannan ta shige ni. Amma na ɗauki hannunsa, na kai yatsansa bakin rami na huɗu, na riƙe a wurin.

"Makaranta na bar ta rabi, gaskiya ne. Wannan ba rabi ba ne. Gamamme ne. Shi ne abu na farko da na gama a rayuwata, ka zo ka ƙarasa shi."

Na saki hannun.

Maigida ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi, abu ya zama na cikin gida. Kowa ya kama gabansa. Tartsatsi, wanko nawa a ɗora wa Likita, lokaci na tafiya."

"Saura abu ɗaya, Maigida. A gaban mutanen nan ka ce na sayar. A gabansu za ka ce ban sayar ba."

"Ai kowa ya gani."

"Sun gani. Ban ji daga bakinka ba."

Ya dubi jama'a, ya dubi tawul ɗinsa. "Kai yaro, ni za ka tsayar? Ka manta wanda ya koya maka riƙon sifana?"

"Ban manta ba. Yana kabari."

Na sauke girandata daga ƙusa. Na warware wayar da aka naɗe, na dunƙule ta yadda na saba, na jefa a buhu. Na ajiye mabuɗina a kan teburin da aka share mini. Sannan na rungumi mataccen kan injin.

"Wannan ina za ka kai shi?" in ji Likita. "Ai ya mutu."

"Rami ɗaya yana da rai."

Ta yi murmushi kaɗan. "Asabar ta yi kusa, dole in ɗauki mai ƙyallin. Amma akwai wani tseren bayan wata huɗu. Ina zan same ka?"

Baba Mai Faci ne ya ba ta amsa, yana tafiya bai waiwayo ba.

"Rumfata tana da gefe ɗaya da ba ya yoyo. Da sharaɗin zai riƙa shara."

"Ba zan yi ba," na ce.

"Na sani," in ji shi.

*

Ranar Asabar Likita ta zo ta biyar cikin mota tara. Maigida ya ce laifin taya ne. Ni kuwa ba ni da abin nunawa. Babu wanda zai taɓa sanin abin da nawa zai yi a filin nan, har ni.

Yanzu ina bakin layi, a gefen da ba ya yoyo. Kan injin yana rataye a ƙusa, duk wanda ya kawo aiki sai ya sa yatsa a rami na huɗu kafin mu yi magana. Yaya yana wucewa kullum da safe. Yana gaishe da Baba Mai Faci, yana rage tafiya a gabana. Ina amsa sallamarsa, don Inna ta roƙa. Ban ɗago ba tukuna.

Abin da aka rasa: kan inji ɗaya. Kwana goma sha tara. Duwatsun giranda uku. Tsere ɗaya. Teburi da mabuɗi a garejin da na yi shekara shida. Rigar makaranta ɗaya, wadda ban san ana ajiye mini ba. Da hirar da ni da Yaya muke yi a kan hanyar gida bayan an tashi aiki.